Bindiga ta Biyu: Jagora ga Mai Ɗaukar Fistol a Amurka

A Amurka ba kasafai wanda ya mallaki bindiga ɗaya yake tsayawa nan ba. Binciken da cibiyar Pew ta yi a 2017 ya nuna kusan biyu cikin uku na masu bindiga a ƙasar suna da fiye da ɗaya. Shi ya sa masu kantin bindiga suka saba da tambayar nan: ina da 'yar ƙarama da nake sokewa a ƙugu kullum, wacce ya kamata in ƙara? Mai kanti kuwa abin da ke cikin gilashinsa zai nuna maka. Wannan jagora ta mutumin da ke zaune a Amurka ce, wanda doka ta yarje masa ya mallaki fistol, ya kuma fita da ita. A Najeriya maganar ba ta ma taso ba, domin dokar makamai ta 1959 ta jera fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu.

Kafin ka duba kowace bindiga a kanti, fara duba wadda ke ƙugunka. Fistol ɗin da ake yawo da ita kullum an ƙera ta ne don ta ɓuya a ƙarƙashin riga, kuma duk abin da ya sa ta ɓuya ya rage mata wani abu. Ɗauki SIG Sauer P365, wadda ta fito a 2018 ta cika kasuwa. Nauyinta kusan giram 500, bututunta inci 3.1, tana cin harsashi 10 a magazin. Wannan ƙanƙanta ita ce ta sa mutum zai wuni da ita bai gaji ba, ita ce kuma ta sa take shuri da ƙarfi a hannu, ƙaramin yatsa ya rasa inda zai kama a mariƙinta, tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ta yi gajarta har ɗan karkacewa kaɗan ya zama kuskure babba a nesa. Bayan harsashi 100 a filin harbi, tafin hannu ya fara zafi, mutum ya tattara ya tafi gida. Da yawa daga masu irin wannan bindiga ba sa atisaye da ita yadda ya kamata, don kawai ba daɗin harbi gare ta ba.

To, ɗauki takarda ka rubuta aikin da bindigarka ta yanzu ta kasa yi maka. Layi ɗaya ya isa. Tsaron gida da dare ne? Atisaye mai yawa cikin rahusa? Madadi idan ta farko ta tafi gyara? Ko kuwa akwai suturar da ko wannan ƙaramar ba ta ɓuya a cikinta? Idan ka kasa cika layin nan, sha'awa ce ke jan ka. Sha'awa ba laifi ba ce ga mai kuɗinsa, sai dai ka san sunanta, kada ka kira ta tsaro.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce bindiga ta biyu ta yi aiki daidai da yadda ta farko take yi. Abokiyar zama ake nema wa uwargida, ba kishiyar da za ta zo da nata tsarin ba. Dalili kuwa a jikin ɗan Adam yake. Idan tsoro ya kama mutum, zuciya na dukan uku-uku, yatsu sun yi nauyi, hannu ba ya jiran tunani, abin da ya saba shi yake yi. Wanda ya shekara yana ɗaukar Glock, wadda ba ta da sakatar da ake turawa da babban yatsa, idan ya ajiye 1911 a gefen gado, to ya ajiye bindigar da sai an sauke mata sakata kafin ta tashi. Bindigar John Browning ce, sojan Amurka sun karɓe ta tun 1911, ba mai kushe ta. Amma ranar da ake buƙata, babban yatsan da bai saba ba zai manta, mutum ya yi ta matsa kunama ba abin da ya faru. Akasin haka ma haɗari ne: wanda ya dogara da sakata ya koma wadda ba ta da ita, yakan yi sakaci da yatsansa wajen mayar da ita kube. Haka batun kunama. Wata bindigar matsin farko yana da nauyi da tsawo, na biyu ya yi sauƙi, kamar Beretta 92. Wata kuma matsinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Duba kuma inda maɓallin sakin magazin yake, da yadda mariƙi ya kwanta a hannu, domin kusurwar mariƙin Glock ta bambanta da ta SIG, kuma wanda ke sauyawa tsakaninsu yakan ɗaga hannu ya ga bakin bindiga ya kalli sama ko ƙasa da inda ya nufa.

Idan ka bi wannan ƙa'ida, zaɓi na farko, wanda ya dace da mafi yawan mutane, shi ne babbar yayar wadda suke da ita, daga kamfani ɗaya. Mai Glock 26 ko 43X ya dubi Glock 19 mai harsashi 15, ko Glock 17 mai 17, wadda sojan Austriya suka zaɓa a 1982. Mai P365 ya dubi P365XL mai bututu inci 3.7, ko X-Macro da ta fito a 2022 tana cin 17. Mai Smith & Wesson Shield ya dubi M&P babba. Glock 19 ta kai kusan giram 670 da magazin ba harsashi, kuma wannan ƙarin nauyin shi ke shanye shurin, baki ya dawo kan saiti da wuri, harbi na biyu ya bi na farko. Duk yatsu sun sami wurin kamawa. Mutum zai iya wuni guda a ajin koyon harbi, ya ƙona harsashi ɗaruruwa bai ji hannunsa ya mutu ba, kuma abin da ya koya a kan babbar yana sauka kan ƙaramar, tunda kunama da maɓallai duk a wuri ɗaya suke.

Akwai wata riba a nan da ya kamata ka tambaya a kanta kafin ka biya, wato magazin. Na Glock 17 yana shiga 19, yana shiga 26. Na 19 yana shiga 26. Amma gajere ba ya aiki a babba. Glock 43X da 48 kuwa, waɗanda suka fito a 2019, sirara ne, magazin ɗinsu ɗaya a tsakaninsu, amma ba ya haɗuwa da na 19 ko kaɗan, kuma mutane da yawa sai sun kai gida suke ganewa. Kada ka ɗauka sunan kamfani ɗaya na nufin komai zai shiga komai. Sa mai kanti ya gwada a gabanka.

Babbar ce kuma ta dace da gida, inda ɓoyewa ba matsala ba ce. Yawancinsu suna da gurbi a ƙarƙashin bututu inda ake ɗaura fitila. Fitilar tana da amfani, domin ba a harbin abin da ba a gani ba, kuma an sha samun wanda ya harbi ɗansa ko matarsa cikin duhu yana zaton ɓarawo ne. Sai dai ka tuna duk inda fitilar bindiga ta haska, nan bakin bindiga ya kalla. Ajiye tocila ta hannu a kusa, da ita za ka duba motsi. Ka kuma san bangon yawancin gidajen Amurka allon farar ƙasa ne marar kauri, harsashin fistol yana ratsa shi ya shiga ɗakin yara ko gidan maƙwabci.

Zaɓi na biyu ba ya burge kowa, amma ni a ganina ya fi yawancin sauran hankali: ka sayi irin wadda kake da ita sak. Bindiga inji ce, sifirin yana gajiya, wani ƙarfe yana karyewa, kamfani kan kira kayansa a mayar don gyara, a yi makonni. Sannan idan ƙaddara ta sa ka yi harbi don kare kanka, ko da kana da gaskiya, 'yan sanda za su karɓe bindigar a matsayin shaida, kuma tana iya yin watanni a hannunsu. Tagwaye suna raba kube ɗaya, magazin ɗaya, harsashi ɗaya. Ɗaya ta sha wahalar atisaye, ɗaya ta zauna tsaf a ƙugu. Malaman harbi da yawa haka suke yi.

Na uku shi ne bindiga mai ƙaramin harsashi, .22. Wanda duk matsalarsa tsadar atisaye ce ko razana da ƙara, wannan ce tasa. Harsashinta bai kai rabin kuɗin 9mm ba, shurinta kaɗan ne, don haka duk wata ɓoyayyar ɗabi'a takan fito fili, musamman ta danna baki ƙasa kafin harsashi ya tashi, wadda ita ce ke sa harbin na-dama ya riƙa faɗawa ƙasa ta hagu. Glock 44, da aka fitar a ƙarshen 2019, girmanta ɗaya da Glock 19 har tana shiga kubenta. Akwai Taurus TX22 da SIG P322, akwai kuma Ruger Mark IV, jikar bindigar da Ruger ya fara da ita a 1949, wadda ta fi su kyan saiti amma ba ta kama da fistol ɗin ƙugu. Da .22 ake koya wa sabon shiga, ko mata ko babban ɗa. Iyakarta biyu. Ba ta koya maka riƙe shuri, saboda haka ka riƙa rufe kowane atisaye da 'yan harsasai daga bindigarka ta ainihi. Sannan harsashinta ya fi na 9mm yawan ƙin tashi, shi ya sa ba a so a dogara da ita wajen kare rai idan da wani zaɓi.

Sai wadda finafinai suka sa kowa ke so, wato ta aljihu ko ta idon sawu, da ake ɗauka tare da ta farko. Asalin al'adar ta 'yan sanda ce. A zamanin da 'yan sandan New York ke riƙe libarba mai harsashi 6, zaro ta biyu ya fi sake loda ta farko sauri, kuma Jim Cirillo na rundunar kwanton ɓauna ta birnin ya shahara da ɗaukar fiye da ɗaya. Aikinsa ke nan, zama a bayan kanti yana jiran 'yan fashi. Kai da ke zuwa aiki ka dawo, da fistol mai cin 10 ko 15, ƙarin magazin ɗaya ya fi maka bindiga ta biyu sauƙi da arha, kuma yana magance mafi yawan cijewar da fistol ke yi, tunda daga magazin take tasowa. Wata jihar ma, kamar New Mexico, ba ta yarda mai lasisi ya ɓoye fiye da ɗaya a jikinsa lokaci guda ba.

Inda 'yar aljihu take da hujja shi ne ranar da sutura ta hana ɗaukar ta ƙugu. Doguwar riga irin kaftani ko jallabiya tana rufe ƙugu ruf, sai ka tattare ta har sama kafin hannu ya kai, amma aljihun gefe yana nan kusa. A nan zaɓi biyu ne. Ruger LCP, da ta fito a 2008, ba ta kai giram 300 ba, tana cin harsashin .380 guda 6, ƙanwarta LCP Max ta 2021 tana cin 10. Ko kuma ƙaramar libarba ta Smith & Wesson, zuriyar Chiefs Special ta 1950, kamar samfurin 642, mai harsashin .38 guda 5. Libarba tana jure ƙurar aljihu da zaren tufa, kuma idan harsashi ya ƙi tashi sai ka sake matsawa kawai. Amma kada wani ya ruɗe ka cewa ita ce mai sauƙi. Kunamarta tana buƙatar matsin da ya kai kilo 5, ninki biyu na Glock, saitinta ɗan tsagi ne, shurinta yana cizon hannu. Bindigar ƙwararru ce da ake yawan sayar wa sababbi, musamman mata, kuma wannan zalunci ne. Duk wadda ka zaɓa, ba a jefa ta aljihu tsirara. Sai da kuben aljihu da ya rufe kunama gaba ɗaya, kuma aljihun nan nata ne ita kaɗai, ba makulli, ba sulalla.

Masu shiga daji a Alaska ko Montana, inda ake gamuwa da beyar, nasu lissafin daban. Su ne ke ɗaukar Glock 20 mai harsashin 10mm, wadda sojojin sintiri na Denmark a Greenland ma suke riƙewa, ko libarba mai .357 Magnum kamar Ruger GP100. Idan ba ka zuwa can, wuce wannan sashen na kanti.

Batun girman harsashi ana ɓata masa yawu fiye da kima. Bayan musayar wutar Miami ta 11 ga Afrilu, 1986, inda aka kashe jami'an FBI biyu, hukumar ta bar 9mm ta koma 10mm, daga nan aka haifi .40 a 1990. Bayan shekaru, da harsasai suka inganta, sai ta dawo 9mm, ta ba Glock kwangila a 2016, bisa hujjar cewa jami'anta sun fi samun abin da suka saita da shi. Ma'auninta shi ne harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin daskararren ruwan gwaji, kuma 9mm mai kyau yana cika shi. Idan ta farko 9mm ce, bar ta biyu ta zama 9mm. Kwali ɗaya za ka riƙa saye, kuma ka tsira daga rikita harsasai. Na .380 da na 9mm kaurinsu ɗaya, tsawon kwanso ne ya bambanta, milimita 17 da 19, kuma ido kan ruɗe. Idan dole ka tara iri biyu, kowanne da akwatinsa da rubutu a kai, kuma iri ɗaya kaɗai zai hau teburin harbi a lokaci guda. Libarba mai .357 tana cin .38 lafiya lau, amma ba a yin akasin haka.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Filayen harbi da yawa suna ba da hayar bindiga. Zaɓi biyu ko uku da suka cika sharuɗɗan da ke sama, ka je da taka ta kullum, ka harba su a jere a rana ɗaya. Akwai gwaji mai sauƙi da malaman harbi ke amfani da shi: harsashi 5, daga yadi 5, cikin da'ira mai faɗin inci 5, a daƙiƙa 5. Yi da taka, yi da kowace. Takarda ba ta ƙarya, kuma sau da yawa wadda ta fi daɗin riƙewa a kanti ba ita ke cin gwajin ba. Duba ko yatsanka na kai wa kunama ba tare da ka murɗa hannu ba, ko za ka iya ja da murfin sama baya ka kulle shi, ko babban yatsa na kai wa maɓallin magazin. Idan don matarka ko dattijo a gida ake saye, shi mai hannun shi zai gwada ya zaɓa. Shield EZ an yi ta ne musamman don wanda jan murfi ke yi wa wuya.

Bayan ka saya, kada ka ba ta amana ranar farko. Wanke ta, sa mata mai, ka ƙona harsashin atisaye 'yan ɗaruruwa, sannan ka bi da aƙalla magazin biyu ko uku na ainihin harsashin da za ka riƙa loda mata, domin wata bindigar tana cin wannan ta ƙi wancan. Gwada kowane magazin, ka sa masa lamba a gindi, don in ɗaya na cijewa ka gane shi. Kuma ka yi lissafin kuɗi da gaskiya. Farashin da ke jikin bindiga somin-taɓi ne. Akwai kube mai tauri da aka ƙera don samfurin, akwai ƙarin magazin, harsashi, kuɗin fili, akwatin ajiya. Idan kuɗin bindigar kaɗai gare ka, kwana biyu a hannun malami nagari da fistol ɗin da kake da ita zai ƙara maka fiye da abin da sabuwa za ta ƙara.

Doka kuwa a Amurka kowace jiha da tata, kuma tana sauyawa. A matakin tarayya, sai ka cika shekara 21 dillali mai lasisi zai sayar maka da fistol, za ka cike fom 4473, a binciki sunanka. Ƙarya a fom ɗin babban laifi ne. Mai katin zama na dindindin yana iya saye. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, a ƙa'ida an hana shi, sai 'yan keɓantattun yanayi. Wanda ba shi da takardu kuwa ko riƙewa laifi ne da ke kai wa kurkuku da kora. Ba a sayen fistol a wata jiha a taho da ita, sai an turo ta hannun dillali a jihar da kake zaune. Idan ka sayi biyu a wurin dillali ɗaya cikin ranakun aiki 5, zai kai rahoto ga hukumar ATF, wanda ba laifi ba ne, amma ka sani. New Jersey da Maryland suna taƙaita saye zuwa ɗaya a kwana 30. California da New York da wasu jihohi sun hana magazin da ya wuce harsashi 10, abin da ke rage ribar babbar bindiga. Zuwa 2024 jihohi 29 sun yarda a ɗauki fistol ba tare da lasisi ba, Texas na cikinsu tun 2021. New York kuwa, inda Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya da dama ke zaune a Bronx, ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 da ya sassauta ba da lasisi, kowace fistol sai an rubuta ta a jikin lasisinka kafin ta zama taka. Kada kuma kunya ta sa ka saya wa wani ɗan gari da sunanka don shi ba zai tsallake bincike ba. Wata doka ta 2022 ta sa hukuncin wannan ya kai shekara 15.

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Ranar da kake da bindiga ɗaya, kullum tana jikinka. Daga ranar da suka zama biyu, duk lokacin da ka fita akwai ɗaya a gida ba mai tsaronta, ga yara, ga baƙi, ga ɗan'uwan da ke cikin damuwar da bai faɗa wa kowa ba. Alƙaluman hukumar CDC na 2021 sun nuna mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Saman kabad ba maɓoya ba ce, yaro ya san ko'ina a gidan ubansa. Mota ma ba ma'ajiya ba ce, daga cikinta ake sace bindigogi da yawa. Nemi akwatin ƙarfe mai buɗewa da lambobi, ka ɗaure shi da ƙusa a bango ko a ƙasa, ka rubuta lambar jikin kowace bindiga ka adana a wani wuri dabam. Akwatin nan shi za ka fara saye, ka kafa shi, sannan ka koma kanti ka ɗauko bindigar.